Amsa ga ɗan'uwan da ya tarar da mota marar tambari mai injin Riley

Salam Malam. Wallahi da na ga hotunan nan naka sai da gabana ya faɗi, don irin wannan halin na shiga da tawa. Ka ce a rumbun wani manomi ka same ta a nan Ingila, buɗaɗɗiya mai rufin tanti da kujera huɗu, babu tambari, injin Riley ne, mai sayarwa kuma ya dage wai Riley ce kawai, shi ne kake tambaya ko haka ne. Ni dai a ganina Healey ce, ta garin Warwick, wadda Donald Healey ya yi tun kafin a zo maganar Austin-Healey, kuma don Allah kar ka bari kowa ya sa mata sifana tukuna.

Injin ba zai raba maka gardama ba, saboda Healey daga Riley yake sayen nasa, mai silinda huɗu, 2443cc, kafireta SU guda biyu, shi ne dai wanda ke cikin Riley mai lita biyu da rabi. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila. In ka ga ƙafar gaba tana rataye a jikin wani ƙaton hannu na alminiyum da ya taso daga gaba ya ja baya, da sifirin mai murɗi, to Healey ce, Riley ba ta da wannan, kuma ita Riley bayanta sifirin ganye ne. Sannan ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, Healey inci 102 ce, babbar Riley ta kai inci 119, tazarar ba ta ɓuya.

Bodin ne matsalar, don Healey casis yake yi, wasu ke ɗora jiki. Westland a Hereford, Elliott a Reading, Tickford a Newport Pagnell, Abbott a Farnham, har da Duncan can Norfolk, kuma akwai waɗanda suka sayi casis tsirara suka kai wa nasu maƙerin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe da rabo ake ba da shi amma alminiyum akwai shi, shi ya sa za ka ga fallen alminiyum a kan firam ɗin katakon ash, ka ɗora maganaɗisu a ƙofa ka gani ba zai kama ba. Yadda ƙofofin taka suke da gilashi mai ɗagawa, hankalina ya fi kwanciya da Abbott, daga 1950 zuwa 1954 aka yi su kuma ba su kai 100 ba. Westland ta girme ta, tun 1946, guda 64 kacal.

Tawa Tickford ce mai rufi. Na kai ta wurin wani mai gyaran tsofaffin motoci da aka yi ta yaba min shi, na ce masa katakon ƙofa da ya ruɓe kawai za a canja, har na rubuta masa a takarda, na nuna masa farantin lambar casis na ce wannan shi ne ran motar. Ranar da na koma, Malam, na tarar ya kwashe katakon kaf ya ƙone a bayan gareji wai shara ce, katakon da kafintocin Tickford suka sassaƙa da hannu, wanda da shi za a auna sabo. Ya sa an feshe bodin da yashi kamar ƙarfe, alminiyum ɗin ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari. Na tambayi faranti ya ce yaronsa ya cire bai san inda ya ajiye ba, yana faɗa yana kurɓar shayi ko kallona bai yi ba. Na tsaya gaban tokar nan na kasa magana, ƙafafuna suna rawa, na zauna cikin motar da na zo da ita na daɗe ban iya tayar da ita ba. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, har da na fesa yashin! Har yau in na bi ta titin sai na kau da kai. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To ka ɗauki hoton kowace lamba tun tana inda take, ta faranti, ta jikin inji, da duk abin da aka buga ko aka rubuta da fensir a katako ko bayan kujera. Harafin farkon lambar casis ya fi komai, A da B na farko-farko ne, C tana tsakiya, BT da F sai Tickford da Abbott, D da E kuwa Silverstone, wato Healey ɗin tsere mai kujera biyu. Af, maganar Silverstone, ka yi hattara da masu zuwa su ce su saya "don kayan gyara". Da yawa casis ɗin suke so, su yar da bodin su ɗora na Silverstone saboda ta fi kuɗi nesa ba kusa ba, motoci da yawa sun salwanta a haka kuma abin yana min ciwo. Ita Silverstone ɗin ma an yi ta ne a 1949 ƙasa da fam 1,000 don a kauce wa harajin da aka ninka kan motoci masu tsada.

Ka roƙi manomin ya duba ko tsohon littafin rajista mai ruwan ƙasa yana nan, ko da lambar mota ce kawai ta rage a bamba ka rubuta ta. Ka tura wa ƙungiyar masu Healey, wato Association of Healey Owners, hotuna da lambobin, suna da rajistar motocin Warwick, su ne suka taimaka min na tabbatar da tawa bayan faranti ya ɓata, da hoton da na ɗauka ranar da na saye ta. Kuma kar ka tayar da injin, man da ke ciki ya zama kwalta, ka juya shi da hannu kawai bayan ka cire fulogi ka zuba ɗan mai. In za ka ja ta zuwa gida a ɗora ta bisa tirela, a ɗaure daga casis, sannan a ɗaure ƙofofin da igiya don in katakon ya ruɓe za su iya buɗewa a hanya.