Amsa ga mai neman mawaƙan hip hop na Arewa: gari-gari ake bin su

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, inda kake cewa ka gaji da waƙoƙin Legas da na Amurka, kana so ka san su wane ne ke yin hip hop na gaske da Hausa ban da DJ AB da kowa ya sani, kuma ta ina mutum zai riƙa gano sababbi. Na ga wasu sun jero maka sunaye, Allah ya saka musu, amma ni a ganina jero suna kawai ba zai kai ka ko'ina ba, za ka ji waƙa ɗaya ta kowa ka ce ai duk ɗaya ne ka koma inda ka fito. Ni dai na daɗe a cikin wannan sauraron, tun zamanin da sai ka kai memori wurin masu tura waƙa a kasuwar waya ka ce a cika maka, to abin da na gano shi ne rap ɗin Hausa ba abu ɗaya ba ne, kowane gari da irin bakinsa, idan ka bi shi gari-gari sai ka ji kunnenka ya buɗe.

Tunda Kaduna ka riga ka sani bari mu fara daga nan. DJ AB ba shi kaɗai ya taso ba, tawaga ce da su, YNS wato Yaran North Side, su Feezy da Zayn Africa da Geeboy duk nan ne, kuma abin da ya sa suka shiga zuciyar yara shi ne Hausar da suke yi ita ce Hausar da ake yi a layi, ta majalisar samari, a cakuɗa da Turanci a zolayi juna a yi dariya, ba sa ɗaukar kansu da zafi. Shi AB ɗin kuma abin da mutane ke mantawa shi ne furodusa ne, yana haɗa kiɗa da hannunsa, shi ya sa za ka ji baitinsa ya zauna daram a kan kiɗan kamar tare aka haife su. Salon Kaduna na nishaɗi ne gaskiya, na biki da mota da zaman shayi. Idan shi kaɗai ka sani za ka ɗauka duk rap ɗin Arewa barkwanci ne, alhali ba haka ba ne.

Ka tsallaka Bauchi. Wlh idan baiti kake nema, irin wanda sai ka mayar da waƙa baya ka sake ji kafin ka gane abin da aka faɗa, to Bauchi ce gidansa. ClassiQ da B.O.C Madaki duk 'yan can ne. ClassiQ yana da wata irin murya mai sanyi da gadara a lokaci guda, ba ya ihu, yana jefa magana kamar ba shi ya faɗa ba, kuma ya yi aiki da M.I, babban mawaƙin rap ɗin nan na Najeriya, wanda ka san ba kowa M.I ke tsayawa kusa da shi a waƙa ba. Da yawan mutanenmu ma ba ta hanyar rap suka fara jin sunansa ba, sai a 2016 da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙarsa, sai surutun ya rufe aikin mutumin, kowa na maganar rungumar da aka yi ba wanda ke maganar rubutunsa. B.O.C kuwa ni a wurina shi ne marubucin da ya fi kowa nauyin alƙalami a cikinsu, wannan ra'ayina ne fa kar a zo a cinye ni. Yana iya fara layi da Hausa ya ƙarasa da Turanci ƙafiyar ba ta karye ba, kuma yana taɓa maganar talauci da rashin tsaro da halin da matasa ke ciki ba tare da ya koma mai wa'azi ba. Har aikin haɗin gwiwa ya yi da mawaƙin rap Odumodublvck tun kafin sunan Odumodu ya cika ƙasa. Shi B.O.C ba a jin sa a cikin hayaniya, ka sa iyafis da dare ka ji albam ɗinsa daga farko har ƙarshe, kar ka tsallake ko ɗaya.

Jos kuma labarinta daban. Can ne su M.I da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince suka fito, kuma duk da yawancin aikinsu da Turanci ne, sun nuna wa Legas cewa yaron da ya tashi a Arewa zai iya riƙe makirfo ya gagari kowa, suna ɗan yafa Hausa nan da can. Kafin su ma akwai Jeremiah Gyang da Six Foot Plus da suka sa Hausa a gidajen rediyon kudu tun farkon shekarun 2000. Akwai abin da ya kamata mu riƙa faɗa wa juna gaskiya a kai, kaso mai yawa na waɗanda suka ɗaga rap ɗin Hausa ba Hausawa ba ne a ƙabila, da yawansu ma Kiristoci ne 'yan Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, Hausa ce harshen da suka tashi da shi a unguwa da makaranta da coci. Sai ka ji wani yana cewa wai Hausarsu ba ta nuna ba, to malam ai Hausar garinsu ce suke yi, haka ake magana a Jos, kuma ita ce ta ba waƙar ɗanɗanonta.

Morell ɗan Borno ne, shi yana rerawa yana kuma yin rap, idan kana son abin da za ka sa a mota da iyali ba ka damu ba to fara da shi. Kheengz daga jihar Neja, saurin baki da wasa da kalma. Waɗannan biyun ba sai na yi dogon bayani ba, kunnenka zai gaya maka.

Kano ce mai rikitarwa, kuma a nan nake so ka ɗan yi haƙuri da ni. Mutum zai ɗauka tunda ita ce cibiyar Hausa kuma nan situdiyo suka fi yawa to nan rap zai fi ƙarfi, amma kasuwar Kano ta waƙoƙin fim ce, nanaye, su Nura M Inuwa da Umar M Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker, nan kuɗin yake, nan masu biki ke zuwa, furodusa ma idan ya tashi haɗa kiɗa abin da zai sayu yake haɗawa. Ga kuma hukumar tace fina-finai da aka kafa tun 2001, wadda a zamanin Abubakar Rabo daga 2007 ta matsa wa masu waƙa da fim lamba sosai, a shekarar ne ma aka ɗaure Adam A. Zango saboda wani bidiyon waƙa. A cikin wannan yanayin su Ziriums da Billy-O suka yi nasu, shi Ziriums har waƙa ya yi yana sukar yadda ake takura wa masu fasaha, waƙar ta riƙa yawo a waya ta bulutut tunda ba gidan rediyon da zai sa ta, daga baya ya koma Amurka. To idan ka ji tsofaffin waƙoƙin rap na Kano ka ji kiɗan ya yi rauni, fiyano ce kawai da ɗan ganga na kwamfuta, kar ka yi dariya, ka tuna da wane hali aka yi su. Sannan akwai Lil Ameer, Allah ya jiƙansa, yaron da ya rasu a hatsarin mota a 2017 yana ɗan shekara 14, ka nemi abin da ya bari ka ji yadda yaro ƙarami ke hawa kiɗa, har yau idan na ji shi sai jikina ya yi sanyi. Shi kuma Nomiis Gee ko ba ka son waƙarsa dole ka ba shi girmansa, shirye-shiryensa a Arewa24, H Hip Hop da Zafafa Goma, su suka sa iyaye a gida suka fara ganin fuskokin yaran nan a talabijin suka gane ba duka ne 'yan iska ba.

Wani abin da ke ba ni haushi da mu 'yan Najeriya, mun manta akwai Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1990 rap ya kafu a Yamai, ƙungiya-ƙungiya suke yi ba ɗaiɗaiku ba, su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong, ga mata irin su ZM da Safiath, daga baya ga su Barakina. Suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a waƙa ɗaya, kuma tunda su ta wajen Faransa da Senegal abin ya zo musu ba ta Legas ba, sai ka ji tafiyar baitin ta bambanta da tamu, maganarsu kuma ta fi karkata ga siyasa da cin hanci da auren wuri da zaman banza na matasa. Farkon ji Faransancin zai ɗan dame ka, ka daure, da an shigo baitin Hausa za ka ji wata irin Hausa mai daɗi da ba ka saba ji a waƙa ba. Haka Gana, ƙungiyar VIP 'yan Nima ne a Ankara, yaran zango, sun kasance cikin manyan mawaƙan hiplife, wato salon rap na ƙasar, kuma sun riƙa sa Hausar zango a waƙoƙinsu.

Yanzu maganar yadda za ka riƙa gano sababbi. Ni hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce bin waɗanda aka gayyato cikin waƙa. Ka ji waƙar wanda ka sani, sai wani baƙo ya shigo a baiti na biyu ya ƙwace waƙar, to kar ka bari ta wuce, duba sunansa ka je Audiomack ka rubuta, yawanci za ka tarar yana da tarin waƙoƙi da ba wanda ya sani sai 'yan unguwarsu, shi ma a cikin nasa akwai wasu baƙin, haka za ka yi ta tafiya kamar mai bin dangi a gidan suna, wannan ya nuna maka wancan. Na fi ce maka Audiomack saboda nan yaranmu suka fi zuba kaya, ba ya cin data sosai kuma kana iya saukewa ka ji ba intanet, YouTube sai wanda ya samu kuɗin bidiyo, Boomplay ma akwai amma ba kowa ba. Sunan furodusa ma ka riƙa kula da shi, wannan tambarin muryar da ake sawa a farkon kiɗa, furodusa ɗaya mai kyau a gari zai kai ka ga mawaƙa da yawa. Sai kuma saifa, inda ake tara mutum biyar ko shida a kan kiɗa ɗaya ba amshi kowa ya zuba nasa, nan ake gane wanda ya iya da wanda kwalliya ce kawai. TikTok kuwa ka yi hankali da shi, yana ɗauko layi ɗaya mai daɗi ya yi ta maimaita maka, ka je ka ji cikakkiyar waƙar ka tarar babu komai a ciki sai wannan layin.

Ga ma'aunin da ni nake amfani da shi, ko zai yi maka amfani. Hausa harshe ne mai hawa da sauka da ja da gajartawa, idan mawaƙi ya murɗe kalma don dole sai ta shiga kiɗan Amurka har ta daina kama da yadda ake faɗinta, ni a nan nake sauka. Gwani shi ne wanda za ka cire kiɗan ka ji maganar tana tafiya kamar hira, amma ƙafiya na faɗuwa inda ya kamata. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, duk da hip hop a unguwar Bronx ta New York aka haife shi a 1973, mu muna da 'yan gambara da 'yan kama da masu kirari tun kafin nan, habaici da zambo da wasa kai duk gadonmu ne, shi ya sa ma wasu gidajen jarida ke kiran rap gambarar zamani. Ka saurari yadda Shata ke yi wa kansa kirari ko yadda Ɗan Maraya Jos ke ba da labarin talaka da kuntiginsa, sannan ka dawo ka ji yaran nan, za ka gane wanda ya sha nonon gida da wanda kwaikwayo kawai yake. Ban ce dole kowa ya sa kalangu a waƙa ba fa, wasu suna sawa don ado kawai kuma ba ya ƙara komai.

Gargaɗi ɗaya, akwai masu batsa a cikinsu, kuma su suka fi saurin tashe, ba zan kira suna ba ka san su. Ka fara ji kai kaɗai kafin ka haɗa da sifika a tsakar gida gaban su Hajiya. Sannan don Allah idan wani ya burge ka ka ji shi a manhajar da ake ƙirga masa, ka tura wa abokai mahaɗin waƙar maimakon ka tura ta Xender, yawancin yaran nan da kuɗin aljihunsu suke biyan situdiyo, wani ɗinki yake yi wani gyaran waya, kuma masu shirya taro a Legas lambobin nan suke dubawa kafin su gayyaci mutum.

A wannan satin dai ka fara da Bauchi, B.O.C sannan ClassiQ, idan ka gama ka leƙa Yamai. Ka dawo nan ka gaya mana wanda ya fi kama ka, ni kuma in ga ko zan haɗa ka da na gaba daidai da kunnenka, don wanda ya so B.O.C ba irin abin da zan tura wa mai son Feezy zan tura masa ba.