Tambaya da Amsa: Da Wane Ma'auni Ake Karanta Gwajin Jinin Yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An yi wa ɗana mai shekara 3 gwajin jini, takardar ta nuna hemogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini) 11.4 da alamar ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyin jini kuma 13,000 da alamar sun yi yawa. Yayarsa mai shekara 12 ita ma an ce ALP ɗinta, wani sinadari da ake aunawa a gwajin hanta, ya haura. Dukansu suna ci suna wasa, amma hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Ki fara duba layin da ke gefen takardar, inda aka rubuta adadin da ake ɗauka daidai, domin sau da yawa ma'aunin manya na'ura take bugawa ko da kuwa jinin na jinjiri ne, alhali jinin yaro yana sauyawa da shekarunsa.

Jariri kan zo duniya da hemogulobin mai yawa, wajen giram 14 zuwa 20 a kowace desilita, sannan ya sauka zuwa tsakanin 9 da 11 a wata na biyu zuwa na uku ba tare da wata cuta ba, daga nan ya riƙa hawa sannu a hankali. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, ba a cewa yaro yana da ƙarancin jini sai ya gaza 10.5 idan yana tsakanin wata 6 zuwa 23, ko 11 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, ko 11.5 daga 5 zuwa 11, ko 12 daga 12 zuwa 14. Daga shekara 15 ne ake raba su, namiji 13, mace 12, saboda balaga da jinin al'ada. Ke nan 11.4 na ɗanki, wanda ya yi daidai da PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) kusan 34, yana cikin lafiya, kuma ban ga dalilin ɗora shi kan maganin ƙarin jini ba.

Haka fararen ƙwayoyin. Babba yana tsakanin 4,000 da 11,000, amma yaro ɗan shekara 3 kan kai 15,000 lafiyarsa ƙalau, saboda haka kada a saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis don wannan lamba kaɗai. Shi kuwa ALP, ƙashi ma yana fitar da shi, ba hanta kaɗai ba, kuma yarinyar da ke tsaka da girma takan ninka na babba sau biyu ko uku. Matuƙar idonta bai yi ɗorawa ba kuma sauran gwajin hanta daidai yake, galibi girma ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin wannan, inda takarda ke cewa lafiya alhali akwai matsala. Kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, kan tsaya wajen miligiram 0.3 zuwa 0.5 ga ƙaramin yaro, don haka idan ɗan shekara 3 ya nuna 1.0, na'ura ba za ta sa alama ba, amma ƙodarsa na bukatar bincike. Mai sikila kuma da nasa ma'aunin hemogulobin, galibi 6 zuwa 9, kuma da adadin da ya saba ake kwatanta sabon sakamakonsa.

Ki tabbatar an rubuta shekarun yaro a takardar neman gwaji, sannan ki kai sakamakon ga likitan yara. Idan kuwa kika ga tafin hannunsa ko cikin idonsa ya yi fari fat, yana haki ko kasala, musamman bayan zazzaɓin cizon sauro, kada ki jira wata takarda, ki garzaya da shi asibiti, kamar na yara na Hasiya Bayero ko na Murtala, a ranar.