Tambaya da Amsa: Motata tana fizga idan na taka totur

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008 mai giya otomatik. Yau sati uku ke nan, da zarar na taka totur zan hau tudu ko zan wuce wata mota, sai ta riƙa fizga kamar za ta mutu, fitilar nan mai hoton inji tana ƙyaftawa. Bakanike ya ce a canja famfon mai. In yarda?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna, kada ka sayi famfon nan. Ƙyaftawar fitilar ita ce ta fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka. Idan ta kama ta tsaya cak, da sauƙi. Amma idan tana ƙyaftawa, silinda ɗaya ko fiye ba ya ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, kuma zai iya ƙona tukunyar tace hayaƙi da ke ciki. Don Allah ka daina matsa mata har a duba ta.

A sa mata kwamfuta da farko. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfuta ke karanto lambar matsalar mota ta cikinsa, kuma motarka tana da bakinsa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan P0302 ya fito, silinda na biyu ne ke ƙin wuta. P0304 kuwa na huɗu. Injinka kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai, wato abin da ke ba shi wuta, saboda haka gwajin ba ya cin ko sisi: in P0302 ce ta fito, a ciro koyil na biyu a mayar da shi na uku, a goge lambar, a zaga da motar. In lambar ta koma P0303, ka kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, a kwance fulogin a dube shi da ido. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, a bushe. Baƙi wuluk, ko jiƙe da baƙin mai, ko farin jikinsa ya tsage, duk magana ce. In shi ma lafiya, sai a koma kan nozul, mai fesa wa silinda fetur.

An taɓa kawo mini irin motarka bayan an canja mata famfo, an zuba sabon man giya, fizgar tana nan. Da na zare koyil, sai ga wani siririn layi kamar zanen fensir a jikin robarsa, inda wuta ke tsallakewa. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, lafiya lau take, sai an ɗora mata nauyi take nuna hali. Har yau ina jin takaicin kuɗin da mutumin ya zubar.

Ban ce famfo ba ya jawo fizga ba. Yana jawowa, sai dai yakan zo da kasala a gudu, wani lokaci da kuka daga tanki, da lamba irin P0171 ko P0300. Shi ma ba a yanke masa hukunci da ka; akwai agogon auna ƙarfin mai, ka ce a auna a gabanka.

Giya kuwa, kalli allurar da ke nuna juyin inji. In ta tashi sama amma gudu bai ƙaru ba, a duba man giya, launinsa da warinsa. Abin da ka bayyana bai yi kama da wannan ba. Ka rubuto mini lambar da kwamfuta ta nuna.