Don Allah kada ka ajiye na'urar saboda ƙara

Assalamu alaikum. Malam, tun bayan sallar asuba na ga tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce wata biyu ke nan da ka fara kwana da na'urar CPAP, wadda take hura wa mutum iska ta takunkumi don kada numfashinsa ya ɗauke cikin barci, dare ya yi sai fito da huci, uwargida ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin yara, kai kuma kana tunanin ka naɗe na'urar ka tura ƙarƙashin gado. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin ni na taɓa naɗe tawa. Don girman Allah kada ka yi. Ka karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo.

Ni da aka yi min gwajin barci, sakamakon ya nuna numfashina yana ɗaukewa sau 41 a awa guda. Ka san daga 30 zuwa sama ai ya kai mai tsanani. Likita ya rubuta min ƙarfin iska 12. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina a lokacin, sai aka haɗa ni da wani mai sayar da kayan asibiti 'yan gwanjo. Mutumin nan ko fuskata bai duba ba. Ya zaro takunkumi babba, irin mai rufe hanci da baki, ya jefa a leda, ya ce wannan kowa yake saye. Ga ni da gemu cike da haɓa. Daren farko iska ta riƙa kufcewa ta gefen kumatuna tana wani irin sauti kamar ana sace tayar mota, can kuma ta buso min cikin ido. Na koma wurinsa washegari. Ya ce haka take, zan saba. Bayan mako guda na sake komawa, sai ya ce in ƙara ɗaure igiyoyin sosai, sannan waɗancan ƙananan hudojin na gaban takunkumin in liƙe su da salatif, wai ta nan ƙarar take fita. Ni kuwa ban sani ba, na yi. Kwana biyu ina tashi da ciwon kai kamar an sara min gatari, ƙirjina a cushe, karan hancina ya sale har ya yi ruwa. Daga baya likita yake gaya min ta waɗannan hudojin ne iskar da ka fitar take fita, da gangan aka yi su, idan ka toshe su to gurɓatacciyar iskarka kake sake shaƙa dare guda cur. Ya riƙe kai ya ce Allah ne ya tsare.

Har yau idan na tuna mutumin nan raina yana ɓaci. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, ko da yake na roƙe shi ya canza min takunkumin in cika masa, ya ce kayan da ya taɓa fuska ba ya dawowa. Wannan na yarda da shi. Abin da ya tsaya min shi ne ya ga mara lafiya a gabansa, bai san amsar ba, maimakon ya ce ban sani ba, je ka tambayi likitanka, sai ya faɗi abin da zai iya halaka ni don kawai in bar masa shago. Da na kira shi na gaya masa abin da likita ya ce, cewa ya yi ai ba shi ya liƙa ba. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Na bar shi da Allah, amma ina jin tsoron mutum nawa ya gaya wa irin wannan magana bayana.

Maman yara shekara 14 tana haƙuri da minsharina, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi min gori ba. Ita ce ma take zungura ta idan ta ji na yi shiru da yawa, don tana tsoron na tafi ke nan. Amma lokacin na'urar tana goyo, jaririyar wata huɗu, da takunkumin ya fara fito sai yarinya ta farka. Wani dare wajen ƙarfe biyu na buɗe ido na gan ta zaune a bakin gado, tana jijjiga yarinya tana share hawaye da gefen mayafi. Ba ta ce min komai ba. Da safe ta ce, Baban yara, ka yi haƙuri, zan ɗan koma wancan ɗakin. A ranar na zare fulogin na mayar da komai cikin jaka.

Mako uku na yi babu ita. Ranar wata Lahadi muna dawowa daga Kaduna ni da babban ɗana, bayan la'asar, mun wuce Zariya, muna gab da Kwanar Ɗangora. Ban ji barci yana zuwa ba, wannan shi ne abin da nake so ka gane. Babu hamma, babu nauyin ido. Ina kallon titi, sai kawai na ji tsakuwa tana dukan ƙasan mota, yaron yana ihu Baba, Baba, yana jan rigata, ga hon ɗin tirela a bayanmu. Tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta. Yadda na tsayar da motar ban sani ba. Na kife kaina a sitiyari, hannuna yana rawa, na kasa ko zare makulli. Yaron shekararsa 11 a lokacin. Ya buɗe robar ruwa ya miƙo min, shi ma hannunsa na rawa, ruwan yana zuba a kan wandona. Ya ce Baba mu zauna kaɗan. Mun fi awa a gefen hanyar nan, har aka kira magariba a wani ƙauye. Har gobe idan na bi wurin sai na kalli gangaren. Shi ya sa da na ga ka rubuta za ka ajiye ta, na ga dole in yi magana. Idan ma ka riga ka ajiye, to don Allah kada ka yi doguwar tuƙi sai ka koma kanta.

To ga abin da na gano da na koma asibiti, wanda da an gaya min tun farko da duk wannan bai faru ba: yawancin ƙarar ba daga injin take ba. Na'urorin yanzu sautinsu bai wuce desibel 26 zuwa 30 ba, kamar raɗa ke nan, fankar ɗakinka ta fi su ƙara. Idan taka tana tashin mutum daga barci, akwai inda iska take yoyo ko wani abu bai zauna daidai ba. Ka gwada da rana, ba da dare kana jin barci ba. Ka kunna ta, ka toshe bakin tiyon da ke kai iska takunkumi da tafin hannunka na ɗan lokaci, ka saurara. Idan ka ji ɗan gunji mai laushi kawai, injinka lafiya lau. Sai ka sa takunkumin, ka kwanta yadda kake kwanciya, ka jiƙa bayan hannunka ka zagaya da shi gefen fuska. Inda ka ji sanyi, nan ɓarakar take.

Kuma ɗaurewa da ƙarfi ƙara ɓata abin yake yi. Robar nan mai laushi an yi ta ne iska ta ɗan kumbura ta, ta kama fata da kanta. Ka matse ta, ta lanƙwashe, ta buɗe wa iska hanya. Ni yanzu sai na kwanta na kunna, in ɗan ɗago takunkumin daga fuskata in sake shi ya zauna, sannan in ja igiya kaɗan kaɗan.

Ba ka faɗi ko kana da gemu ba. Idan kana da shi, babban takunkumi zai wahalar da kai. Ni ban aske nawa ba, canza min aka yi zuwa ɗan ƙaramin nan mai zama a ƙofofin hanci kawai, ko kusa da gemun ba ya zuwa. Daren da na fara sa shi, shirun da ɗakin ya yi har ya sa na tashi na duba ko wuta aka ɗauke. Sai dai shi ma yana da nasa: idan bakinka yana buɗewa cikin barci, iska za ta shiga ta hanci ta fito ta baki da huci, ka tashi maƙogwaro a bushe ƙamas. Maɗaurin haɓa ne ya yi min maganin wannan. Idan kuma hancinka a toshe yake kullum, sai an fara duba hancin.

Wani abu da ba wanda ya gaya min, basilin. Da hunturu duk muna shafawa kafin kwanciya. Maiƙon yana sa robar ta riƙa zamewa, kuma yana lalata ta da wuri. Ka wanke fuska ta bushe kafin ka sa, ita kuma robar ka wanke ta da safe da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ka shanya a inuwa. Idan ta tsufa ta saki, babu dabarar da za ta hana ta yin fito, sai sabuwa. Ni ina sayen biyu in ajiye duk lokacin da wani zai taho daga waje, don a nan samun daidai girmanka aiki ne.

Hunturun nan ma dai shi ne babban abokin gabarmu. Ka zaro filtar da ke bayan na'urar ka duba. Tawa fara ce fat idan sabuwa, amma a watan Disamba da Janairu mako biyu ya isa ta koma jar ƙasa. Idan ta toshe, injin yana wahala wajen jan iska, sautinsa ya canza ya koma kamar kuka. Sannan idan abin da kake ji ɓulɓul ne kamar ana hura ruwa da tsinke, to raɓa ce ta taru a cikin tiyo, saboda iskar mai ɗumi ce ɗakin kuma da sanyi. Ka rage ɗumin tankin ruwan da ke jiƙa iskar, ka sauke na'urar ta zama ƙasa da kanka don ruwan ya gangara baya. Maman yara ta ɗinka wa tiyona riga da tsohon zani, tun daga nan bai sake ba, kuma ya daina ƙarar gogar katakon gado idan na juya. Tankin kansa ka tabbata ya shige har ya yi ƙas, idan ya ɗan goce fito yake yi, kada kuma ruwan ya wuce layin da aka zana. Tataccen ruwa na kemis za ka zuba. Kada wani ya ce maka ruwan batir na bakin titi duk ɗaya ne, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma huhunka zai shiga.

A kan me ka ɗora ta? Tawa da a kan durowar gefen gado take, katako mara kauri, cikinta fayau, sai ta zame mata ganga. Na ninka tawul na shimfiɗa a ƙasanta, rabin gunjin ya tafi. Amma ka kula kada tawul ɗin ya rufe inda take shaƙar iska, kada ka lulluɓe ta da bargo, kada ka kulle ta a cikin durowa. Kuma ka duba ina iskar hudojin nan take bugawa. Idan tana dukan matashi ko bargo ko gidan sauro, huci za ka ji, idan kuma fuskar uwargida take busawa, ba ƙarar ce kaɗai ta kore ta ba.

Akwai wani ɗan'uwa da ya taɓa faɗa a wannan dandalin cewa zai buɗe injin ya cusa soso a ciki don ya kashe sauti. Don Allah a'a. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, kuma dalilin shi ne soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya rugurgujewa mutum ya shaƙe shi, zafi da laima kuma suna ƙara saurin lalacewarsa. Tawa ba irinta ba ce, amma duk mai 'yar gwanjo a cikinmu ya duba suna da lambar da ke ƙasan tasa, ya kuma leƙa tiyo ko zai ga baƙin gari. Idan soson da injiniyoyi suka zaɓa ya jawo haka, ina ga na katifa.

Ƙarfin iskar kuwa kada ka taɓa shi da kanka, ko da an nuna maka yadda ake shiga wurin. Ka koma wa likitan da ya rubuta maka, ka tafi da na'urar da takunkumin gaba ɗaya. Ka tambaye shi ya kunna maka tsarin da take farawa a hankali tana hawa har barci ya ɗauke ka, da wanda yake sassauta iska lokacin fitar da numfashi, a na'urorin kamfanin ResMed, EPR suke ce masa. Mafi yawan na'urorin suna nuna yawan yoyon iskar daren jiya a fuskarsu da safe, ka riƙa dubawa.

Maganar wuta ban ma so in fara ba. Mu da aka ɗauke fanka ta tsaya, nan ne kowane ɗan sauti yake fitowa fili. Na sayi 'yar fanka mai caji saboda wannan kawai, sautinta yana lulluɓe na na'urar, ita kuma na'urar tana kan inbata, idan batir ya yi ƙasa sai in kashe mai ɗumama ruwan don shi ya fi cin wuta.

Sai uwargida. Malam, ka same ta ka ba ta haƙuri, kada ka ɗauka gudunka ta yi. Mutumin da bai yi barci ba ba ya cikin hayyacinsa, kai ka fi kowa sanin wannan. Kuma ita ce take jin abin da kai ba ka ji, don kana barci. Ka tambaye ta: fito ne, huci ne, ɓulɓul ne, ko gunji? Da farkon dare yake ko can wajen asuba? Ni maman yara ce ta gano nawa yana tashi ne idan na kwanta rigingine bakina ya buɗe. Wata biyar ta yi a ɗakin yara kafin ta dawo, ban matsa mata ba, da kanta ta shigo da matashinta wani dare.

Ka ɗauko hoton takunkuminka da na bayan na'urar inda filta take ka turo nan, ka faɗa mana lambar iskarka da abin da uwargida ta ce tana ji. Ina dubawa bayan isha'i in sha Allah. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.