Ku Tambayi Anti: Mahaifinta ya ce firamare ta ishe ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce daga wani ƙauye a jihar Katsina, ƙanena na sa ya rubuto miki. Yarinyar wajena ta gama aji shida bana, kuma ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba. Ƙaramar sakandaren da ta fi kusa da mu tana garin hakimi, tafiyar fiye da awa guda a ƙasa. Maigida ya ce karatu ya isa haka, ta ɗauki tallan awara a fara tara mata kayan ɗaki. Kullum tana cikin kuka. Ni ban yi boko ba, ina zan sa kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da jin "yarinyar wajena" na san 'yar fari ce, Allah ya raya ta.

Kada ki ɗauka maigidanki ƙin boko yake yi. Wanda ya bar 'yarsa ta yi shekara shida a aji ai ba maƙiyin karatu ba ne. Abu biyu ke cin ransa, hanya da aljihu, kuma hanyar ce babba. Tun da aka kwashe 'yan matan Jangebe a Zamfara a 2021, wane uba ne hankalinsa zai kwanta 'yarsa budurwa na ratsa gonaki ita kaɗai, balle da damina in gero ya rufe mutum?

Na yi koyarwa a wani ƙauye mai irin wannan matsala. Yara mata biyar suka gama firamare tare, iyaye maza duk suka ce a'a. Sai uwayen suka haɗa kai, suka sami wani dattijo mai kai madara kasuwar garin kowace safiya, ya riƙa tasa yaran gaba. Har yau ina ganinsa a idona, yana tura kekensa da jarkoki biyu a baya, su kuma suna biye da hijabai farare sun yi ja da ƙura. Da azahar wata gwaggo ke tarbo su. Uban da ya fi kowa kafewa shi ya fara saya wa tasa keke. Don haka ki fara da neman uwayen 'yan ajinta, ko uku kuka samu sun isa.

Batun kayan ɗaki kuwa, gaskiyarsa ce, don a ƙauye kuɗin talla ne ke sayen gado da kwalla. Amma ki zauna ki lissafa ribar awarar a rana bayan an cire waken suya, mai da itace. Sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba. Ki riƙa suyar da yamma yaran unguwa su shigo su saya, ki zuba ribar a adashi.

Sannan ki tura ƙanen nan naki wajen shugaban makarantar ya tambayi shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa. Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, kuma akan ba 'yan mata masu ƙaramin ƙarfi tallafin kuɗi idan suka shiga sakandare. Ba kowa ke samu ba, kuma yakan yi jinkiri, saboda haka kada ki yi wa maigida alkawari da shi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Ki san da ita, amma kada ki kai masa ita cikin ɗaki, sai ya ce kin haɗa shi da hukuma. Gara ki bi ta wajen wansa ko liman. Liman ya san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba sai kin tuna masa ba.

Kafin a gama shawara, kada ki bar takardar shaidar gama firamarenta a hannun yara. Ki sa ta a leda ki ajiye ƙasan akwati, don ita za a fara nema ranar rajista.