Tambaya da Amsa: Jirgin ƙasan da ya ƙi tashi bayan gyara

Tambaya: Malam, na ji an ce a ƙasar Poland wasu jiragen ƙasa sun ƙi motsi bayan an gyara su a garejin da ba na kamfanin da ya ƙera su ba, wai kuma da gangan aka shirya haka. Ta yaya jirgi zai san inda aka kai shi?

Amsa: Malam, labarin da ka ji ya faru. Jiragen su ne samfurin Impuls na kamfanin Newag, masu aiki da lantarki. Kamfanin sufuri na Koleje Dolnośląskie ya ba wani gareji mai suna SPS kwangilar babban gyaran da ake yi wa jirgi idan ya ci kilomita miliyan ɗaya. A 2022 aka kwance su, aka gyara, aka mayar da komai, amma suka ƙi tafiya. Wuta na shiga, birki na saki, allon direba bai nuna wata matsala ba, sai dai na'urar da ke tura wuta zuwa injinan taya ba ta samun umarnin fara aiki.

Da makanikai suka rasa bakin zaren, SPS ya ɗauko masana manhaja uku na ƙungiyar Dragon Sector. Suka kwafo abin da ke cikin kwamfutar da ke sarrafa jirgin, suka gwada na jirgi mai tafiya da na wanda ya tsaya, har suka gano 'yan lambobin da suka bambanta. Daga nan suka bi manhajar layi-layi don ganin abin da ke sauya lambobin.

Abin da suka tarar sharuɗɗa ne da aka rubuta. Idan jirgi ya yi kwana 10 bai yi gudun kilomita 60 a awa ba, sai ya kulle kansa, kuma duk wanda ya san harkar ya san babban gyara ne ke ajiye jirgi tsawon haka. A wasu jiragen an saka lambobin taswirar garejojin abokan hamayya, GPS na shaida wa kwamfutar cewa ga inda ake. Wasu kuma suna duba lambar shaidar kayan gyara, da an canja wani sashe sai su tsaya. Akwai ma wanda aka shirya ya nuna lalacewar kwampreso daga 21 ga Nuwamba alhali kwampreson lafiyarsa ƙalau. An rubuta sharaɗin kwanan watan a karkace, shi ya sa cutar ke tashi a ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba ta kuma warke da kanta. Cikin jirage kusan 30 da suka duba, 24 na ɗauke da irin wannan kulli. Sun bayyana sakamakon a bainar jama'a a Disamban 2023, har a wani taro a Hamburg ta Jamus.

Newag ya musanta cewa shi ya saka, ya ce wasu ne suka taɓa manhajar, kuma ya maka masanan da SPS a kotu kan haƙƙin mallaka.

Tambaya: Amma ai jirgi na ɗaukar ɗaruruwan rayuka. Ba gara kamfani ya hana kowa taɓa shi ba?

Amsa: Kariyar gaskiya ba ta ɓuya. Idan ƙofa ba ta rufu ba, jirgi ya ƙi tashi, allo zai faɗa, littafin gyara kuma ya bayyana dalili da magani. Kullin da bai bar wata alama ba, wanda kuma ke duba a garejin wa aka kwana, ba ran fasinja yake karewa ba. Tantance garejin da ya cancanta aikin hukumar kula da layin dogo ne.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a sashen sayen kaya. Me za mu sa a kwangila don kada mu faɗa irin wannan?

Amsa: Tun kafin a biya kuɗi, Malam, a rubuta cewa mai ƙera kaya zai miƙa jerin duk sharuɗɗan da ke iya tsayar da na'ura, da kwamfutar gano matsala da lambobin sirrinta, kuma asalin rubutun manhajar za a ajiye shi a hannun amintacce na uku. Ranar karɓar kaya a kwafi manhajar kowace na'ura a adana. Duk lokacin da ta dawo daga hannun kamfani a sake kwafa a gwada da ta farko, domin nan ne ake shigo da canji ba a sani ba. A tambayi aikin kowace na'urar sadarwa da ke jikin jirgin, da wanda take aika wa bayani. Sannan a sa tara mai nauyi kan duk wani kulli da aka gano ba a bayyana shi ba, tare da izinin kiran masani mai zaman kansa ya binciki manhajar ba tare da barazanar ƙara ba.