Amsa ga Malam: inda ƙanwarka za ta samu intanet a Damagaram

Malam, ka ce ƙanwarka za ta cike takardun neman shiga Jami'ar André Salifou, ga shi ba kwamfuta a gida. Shawarata, ta tafi siber, wato shagon da ake biya a yi aiki da kwamfuta da intanet. Wayar salula ta isa ga WhatsApp, amma sikanin takardar haihuwa da hoto, a rage musu nauyi a tura, kwamfuta ta fi. Ta zagaya wajen kasuwar Dole ko kusa da jami'a, akwai masu wannan aiki.

Ta tafi da sassafe. Da rana in kuran (wutar lantarki) ya ɗauke, shi ke nan, sai mai shago ya ta da inji, kuɗi su ƙaru. Ni na taɓa zama awa 2 ina kallon fanka a tsaye, fom ɗina ya ɓace.

Tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Nijar, wasu na sayar da tikitin wifi a unguwanni, ya fi sayen mega araha in abin da za a sauke na da nauyi.

Kuma don Allah kada ta ba yaron shago lambar sirrinta ya buga mata. Ta buga da hannunta, ta fita daga akwatin saƙonta kafin ta tashi.